Ɗamarar da Aka Ɗaure Akuya da Ita

Ƙanwata ta fara judo tun tana lise, wato sakandare, kuma Baba ne da kansa ya sa mata albarka. Tsohon ɗan kokawa ne, ya sha kayar da maza a filin Takieta. A tsakar gidanmu na Zinder yake koya mata yadda ake sa ƙafa a kwashe mutum, ina gefe ina tsinken zogale ina yi musu dariya.

Mutanen unguwa kuwa sai a hankali. Idan tele ta nuna matan wata ƙasa suna dambe, samarin da ke zaman fada a bakin titi har tsalle suke yi suna tafi. Amma in tamu ta wuce da jakarta ta atisaye, sai ka ji ana cewa ga namijin mata nan.

Da ta ci gasar jiha, 'yan tele sun zo sun ɗauka. Baba ya fito da tele ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarmi, ya kira abokansa su ga 'yarsa. Aka nuna jawabin manya. Aka nuna samari ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan mata, abin da suka zaɓa kawai shi ne inda kallabinta ya zame tana danne da abokiyar karawarta a ƙasa. Ba su nuna kayen ba, ba su nuna lambar da aka rataya mata ba. Wallahi ji na yi kamar in fasa telen.

Kafin kwana biyu guntun hoton ya zagaye wayoyi, har an ɗora masa kiɗa. Baffanmu, yayan Baba, ya taso daga ƙauye takanas.

"Haka za ka bar ta tana birgima gaban duniya ba ɗankwali?"

Na ce, "Baffa, ai ita ta yi nasara."

"Ke rufa mini baki. Ni ban ga nasara ba, gashi na gani."

Na juya ga Baba. "Ku faɗa musu mana, ba ku kuka koya mata ba?"

Ƙasa kawai yake kallo. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau.

Ba ta sake zuwa atisaye ba. Da damina igiyar akuyarmu ta tsinke, Inna ta laluba ɗaki ta fito da ɗamarar judon ta ɗaure ta. Ƙanwata ce ta tsugunna ta gyara mata ƙullin, ta ce ba haka ake ɗaure shi ba.