Zambon da Ya Ƙi Tsayawa a Gona

Ɗan kawuna makaɗin noma ne, kuma tun muna yara ban taɓa ganin ya kai kunya guda ƙarshe da hannunsa ba. Ni taubashinsa ne, ina da damar faɗin haka ko a gabansa. Aikinsa ya rataya ganga ya bi bayan masu huɗa ranar gayya, yana kiɗa daidai da saukar garma. Wanda ya wuce gaba ya sha kirari har kan kakanninsa. Wanda aka bari a baya kuwa, ko wane ne shi, zambo zai yi ta sha sai ya zabura ya kamo 'yan'uwansa. Ba mai riƙe abin a zuciya. Da la'asar a zauna a sha fura tare, a maimaita zambon ana dariya, kashegari an manta.

A shekarun farko na samun mulkin kai ina koyarwa a firamare a Makarfi, lokacin rediyo ta fara shiga ƙauyuka. Wata rana aka sa kiɗan wani makaɗin noma na wajen Kudan, har da faɗin sunansa. Daga ranar tuwo ya daina yi wa ɗan kawuna daɗi. Masu gayya suka fara cewa a kira musu na cikin rediyo, alhali mutumin nan da shi da ɗan kawuna duk ganga ɗaya ake bugawa. Abin da ya rage masa shi ne sarkin noman ƙauyenmu, dattijon da ke kiran babbar gayya, shi ke zaɓen makaɗi. Uban ɗan kawuna ya yi masa kiɗa, don haka ya riƙe ɗan.

Ranar kasuwa ɗan kawuna ya same ni a makaranta. "Kai bawana, tunda ka iya Turanci, ka sa a saka ni a akwatin nan. In ba haka ba, baɗi ko kaciya ba za a kira ni ba."

Na ce, "Bawa ke aiken ubangidansa yanzu? To, mulkin kai ya yi rana."

Na yi masa tsiya son raina, amma na ji tausayinsa. Na yi ta kai kawo har wani ma'aikacin gidan rediyo ya yarda zai biyo ta Makarfi da na'urar ɗaukar murya. Sai dai bai tashi zuwa ba sai tsakiyar rani.

Aka kai ɗan kawuna wani ofis, aka ba shi kujera, aka kafa masa ƙarfen magana a baki. Ma'aikacin ya ɗaga yatsa, alamar a fara. Ya buga ganga sau biyu ko uku, ya tsaya, ya dubi bango. Aka sake, haka. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "wa zan yi wa? Ba wanda ke gaba, ba wanda ke baya. Ni bayan mutane nake kallo in yi waƙa."

Mutanen ƙauyenmu da suka rako shi suka ce wannan ai mai sauƙi ne. Nan da nan aka aro garemani a gari, aka fita filin bayan ofis, inda ƙasa ta bushe ƙamas kamar daɓen ɗaki. Ƙarti suka jeru suna huɗar da ko tsamiya ba za ta fito a cikinta ba. Sarkin noma, wanda ya daɗe da barin garma sai dai ya nuna da sanda, ya ga yaronsa na neman jin kunya a gaban baƙo. Ya tuɓe babbar riga ya karɓi garma ya shiga layi. Wallahi ƙauna ce ta sa shi.

Ganga ta tashi, kuma ban taɓa jin ɗan kawuna ya yi kiɗa irin na ranar ba. Amma tsoho tsoho ne, ba a jima ba aka bar shi a baya. Ɗan kawuna ya manta da na'ura, ya manta da baƙo, ya juya kan tsohon kamar yadda ya saba:

"Wane ne wancan mai huɗa da numfashi?
Garma ta yi nauyi, ƙwaryar fura ba ta yi ba!"

Ya kama sarautarsa da sunan ƙauyenmu ya haɗa. Kowa ya yi dariya, sarkin noma ya fi kowa, har da zama a ƙasa yana tari. Babu wanda ya tuna cewa wannan karon akwai mai sauraron da ba ya mantuwa.

Waƙar ta fito a rediyo, aka faɗi sunan ɗan kawuna, ya kwana uku ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Mutanen gidan rediyo ma ta burge su, suka yi ta sa ta. A teburin mai shayi a Ikara ana jin ta, a rumfunan 'yan hatsi a Hunkuyi ana rera ta. Sarkin noma ya shiga kasuwa, mutanen da bai taɓa gani ba su tambaye shi nauyin garma. Surukansa suka ji, jikokinsa suka haddace. Sai ya rage zuwa kasuwa. Muka je ban haƙuri, ya ce, "Haba 'ya'yana, ai wasa ne." Ya sa aka kawo mana ruwa.

Da damina ta faɗi, ya kira gayya, ya aika Kudan a zo da makaɗi. Sauran masu gayya suka bi sahunsa, don ba mai son a ji sunansa har Sakkwato.

Gayya ba a ƙin zuwa. Ɗan kawuna ya bar ganga a rataye, ya ari garmar maƙwabci ya shiga layi. Ina tsaye a bakin gona ina kallo. Kafin a yi rabin kunya an ba shi tazara mai yawa, tafin hannunsa ya yi bororo. Makaɗin Kudan ya biyo layi yana kirari, ya iso bayansa, ya gane shi. Ya sassauta ganga, ya sunkuyar da kai, ya wuce.

Da aka zauna shan fura na matsa kusa da ɗan kawuna, na shirya tsiyar da zan yi masa. Na ga idonsa ya yi ja, sai na fasa.

"Ka gani ko?" ya ce, bai dube ni ba. "Ni ne na baya duk gonar nan. Ko zambo bai yi mini ba."