Minti Biyar na Ƙanena

A kwalejinmu ta Treichville ni ke tsara canjin 'yan ƙwallon kwando. Dokata ɗaya ce: kowa minti biyar, bi da bi, ba tsallake.

Ranar da muka kara da 'yan Adjamé, akwai wani ƙato cikinsu mai dukan mutane da gwiwar hannu. Da farko ya fasa wa kyaftin ɗinmu leɓe. Na biyu, wanda ya canji kyaftin, ya fito riƙe da haƙarƙari. Na uku a takardata ƙanena ne, ɗan siriri.

Kyaftin ya tofar da jini, ya ce, "Malam, tsallake shi, wallahi zai karya shi!"

Na ce layinsa ne, ya shiga. Minti bai cika ba ƙaton ya zubar masa da haƙora biyu. Tun ranar bai sake kirana Yaya ba.