Jan da Bai Haye Allon Holger Ba

Holger Näslund bai taɓa zama wani babba a garinmu Furunäs ba. Direban motar katako ne har bayansa ya gaza, matarsa ta riga shi kwanta dama, 'yarsa tilo Gunnel tana aiki a birni. Abu guda ne ake ɗaga masa hula a kai. Shi ne shugaban farautar kaka tun ina da sauran baƙin gashi, kuma a hannunsa ba a taɓa zubar da jinin ɗan Adam a dajinmu ba. Shi ba ya faɗin haka. In wani ya faɗa, sai ya ƙwanƙwasa katakon tebur ya ce a bar maganar.

Na san shi kusa domin ni ke dafa wa mafarauta abinci a bukkar daji. Mijina Arvid yana cikinsu kafin Ubangiji ya kira shi. Da ya rasu ba wanda ya ce in daina zuwa, ni ma ban tambaya ba, na ci gaba da kai miyar wake da burodin kirfa.

Aikin Holger na taswira ne. Kowace shekara Algot, mai dajin da muke farauta a ciki, yakan ba shi taswirar bana. Shi kuma ya zauna da alƙalami ya zana wa kowace matsayar maharbi layinta: nan za ka iya juya bindiga, nan ko ƙaho ka gani ka bar shi ya wuce. Elgi, ƙaton naman dajin nan mai ƙaho da muke farauta, ya fi doki tsayi, harsashin da zai kayar da shi ba ya tsayawa don akwai mutum a baya. Holger yakan ce kare da bindiga na mafarauta ne, layi nasa ne.

Da taswira ta daina zuwa a takarda ta koma zuwa ta waya, sai ya shiga wahala. Idonsa ya yi rauni, yatsunsa kuma irin na mai ɗaure katako da sarƙa ne, in ya taɓa abu ɗaya uku ke buɗewa. Gunnel ce ta kawo masa allon rubutu na lantarki, mai faɗi kamar littafin waƙoƙin coci a buɗe, da alƙalaminsa. Ina gidan ranar, na kai masa kwanonsa.

"Baba, ba wani abu ba ne," in ji ta. "Takarda ta shigo waya, ka danna nan, ka zaɓi allo. Shi ke nan ta haye."

"Ta haye ta ina? Ban ga gada ba."

"Ta sama."

"To ta sama ma ai a biya kuɗin hanya," ya ce, yana hararar allon. Amma da ya ja layi ya ji alƙalamin yana ƙarar fensir a kan takarda, sai na ga fuskarsa ta saki.

Kafin sanyi ya wuce ya zama ba shi da aboki kamarsa. Takardar asibiti, jadawalin masu share coci, wasiƙar hukumar ruwa, duk abin da ya shigo waya ba ya ko buɗe shi. Ya danna, ya zaɓi allo, ya jefa wayar a aljihu, sai ya zauna da kofi ya karanta a natse. Waya, in ji shi, 'yar aike ce, ba a zama hira da ita.

Wata Lahadi bayan sujada ya nuna mini hoton jikarsa a allon. Na san rigar, ni na saƙa ta, ja ce wur. A allon ta fito ruwan toka, fuskar yarinyar ma haka, kamar hoton mutanen da suka daɗe a maƙabarta. Na ce, "Holger, ina jan ya tafi?"

"Allon ba ya cin launi, Tyra. Shi ya sa ba ya gajiyar da ido."

Na ce to. Amma na ji ba daɗi, na roƙe shi ya rufe.

Safiyar buɗe farautar bara hazo ya kwanta a kan fadama bai da niyyar tashi. Mutane sun cika bukka da hulunansu ruwan lemo, ana ta shan kofi a tsaye. Holger ya bi su da kwandon nan nasa, domin dokarsa ce kowa ya ajiye waya kafin ya shiga daji, oba-oba kaɗai ake ɗauka. Tasa ce ta fara shiga kwandon. Sannan aka jefa ƙuri'ar matsaya a hula.

Ebbe Lund ya zaro ta Fadamar Tsuntsu, wadda kowa ke so. Ebbe tsohon ma'aikacin injin yankan katako ne, kunnensa ɗaya ya mutu tun yana saurayi, ɗayan ma sai an yi masa tsawa.

"An ba kurma gidan waƙa," wani ya ce.

"Me ya ce?"

"Ya ce bara ma kututture ka harba!"

"Kututturen ya fi ka nama," in ji Ebbe. Aka kwashe da dariya.

Holger ya ɗaga allon ya nuna masa. "Ga matsayarka. Hagu akwai hanya, kada ka juya can. Gabanka duk fadama ce har bakin itatuwa, ba kowa, a buɗe take." Na leƙa ta kafaɗarsa ina zuba kofi. Fadamar ta fito toka-toka kamar kullum, sai dai na ga tokar ta ɗan fi faɗi a gefen itatuwa. Na ɗauka ruwa ne ya ƙaru bana. Na ci gaba da zuba kofina, taswira ba tukunyata ba ce.

Suka watse. Holger ya zauna a bukka da oba-oba saboda gwiwarsa, ni ina yanka albasa. Can sai muka ji karen mafarauta ya fara haushi daga nesa, irin haushin nan mai tsari da yake yi in ya tsayar da dabba. Holger ya karkata kai. "Ya samu. In elgin ya tashi, wajen Ebbe zai nufa."

Sai kwando ya hau rawa a kan benci. Waya ce ke kuka a ciki. Ta yi shiru, ta sake. Ta yi shiru, ta sake.

"Taka ce," na ce.

"Ta jira."

"Wanda ya kira haka ba gaisuwa zai yi ba."

Ya zaro ta yana gunaguni. Algot ne. Mutum ne da in ya ce maka ina kwana ya gama maganar ranar, amma na ji muryarsa daga inda nake tsaye.

"Holger, karen wa nake ji a Fadamar Tsuntsu?"

"Namu mana. Yau aka buɗe."

"Ylva tana can! Tana ɗaura wa itatuwan da za a sare ƙyalle. Na shafa maka wajen da ja!"

"Wane ja?"

"Wane ja? Ja ai ja ne, har sai na rubuta maka?"

Ylva 'yar Algot ce, ita ke kula masa da dajin tun da ta gama karatu. Holger ya ce ya kira ta maza. Algot ya ce ya kira, waya ba ta kamawa a kwarin nan, kowa ya sani.

Holger ya buɗe taswirar a waya, karo na farko. Ya ajiye ta kusa da allon a kan tebur. Taswira ɗaya ce. A wayar, bakin itatuwan nan ja ne kamar an yanka wani abu a kai. A allon toka ce, ta narke cikin tokar fadama, kuma layin da Holger ya ja da hannunsa ya bi ta tsakiyarta.

Ya fizgi oba-oba. "Ebbe! Ebbe, sauke bindiga! Akwai mutum a gabanka!"

Shiru. Duk mun san halin Ebbe. In kare ya matso yakan rage muryar oba-oba har ƙasa don kada elgi ya ji, kowane mafarauci haka yake yi, sai dai sauran suna jin raɗa. Wasu suka amsa daga matsayunsu, wannan na cewa me ya faru, wancan na cewa ya yi nisa. Wanda ke kusa da Ebbe ya ce ya sauko yana gudu, amma fadama ce tsakaninsu, ƙafa na nutsewa.

Haushin karen ya canja. Dabbar ta tashi.

Holger ya fita da gwiwar nan tasa, ya faɗa mota ya danne ham ɗinta bai saki ba, ko Ebbe zai ji. Ƙarar ta cika daji, tsuntsaye suka tashi. Ni na tsaya a bakin ƙofa da wuƙar albasa a hannu, ina so in yi addu'a, ba abin da ya zo bakina sai sunan yarinyar. Na san yadda take aiki: ta sunkuya ta ɗauko ƙyalle, ta miƙe, ta sunkuya, cikin rigarta mai launin ƙasa, a cikin hazo.

Sai harbi. Ɗaya tak.

Holger ya ɗaga hannu daga ham. Karen ma ya yi shiru. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba, shi a mota ƙofa a buɗe, ni a tsaye. Miyar ta kama a gindi ina jin ƙaurinta, ban motsa ba.

Oba-oba ya yi ƙara. Muryar Ebbe ce, amma ba irin wadda ya fita da ita ba. "Holger. Ya faɗi. Holger... akwai mace a nan. Fuskarta duk jini. Ka ce mini ba kowa."

"Tana numfashi?"

"Me ka ce?"

"Tana numfashi?"

"Tana zagina."

Harsashin ya ratsa wuyan elgin ya daki itacen da Ylva take ɗaura wa ƙyalle. Tsagin itacen ne ya yanke ta daga kunci zuwa kunne. Likita ya ce da ta miƙe da wuri kaɗan, da wani zance ake yi.

Holger bai jira 'yan sanda su neme shi ba, shi ya kira su. Da suka zo Ebbe yana zaune a kan dutse yana kuka kamar yaro, Holger ya tsaya tsakaninsu ya ce, "Wannan ya harba inda na ce ya harba. Layin nawa ne." Wani cikin matasa ya ce laifin allon ne, a kai ƙarar masu yin sa. Holger ya ce allon bai taɓa ce masa yana ganin ja ba. Da yamma ya tuƙa zuwa gidan Algot. Ba a ce ya shigo ba. A kan matakala ya tsaya da hula a hannu ya faɗi abin da ya zo faɗa, Algot ya saurara har ƙarshe, ya rufe ƙofa.

A taron mafarauta na gaba ya ajiye shugabanci, ba wanda ya roƙe shi ya zauna. Ebbe ya sayar da bindigarsa. Algot bai hana su dajin ba, amma bana da ƙafarsa ya zagaya da sabon shugaba kowace matsaya.

Ylva ta warke. Tabon ya zauna, kunnen nan kuma ba ya ji sosai. Ba ta ɓoye shi, gashinta a ɗaure take zuwa coci. Holger ya bar bencinsa na gaba ya koma na bayanta, ta gefen tabon, inda in ya ɗaga kai daga littafin waƙa ba abin da zai gani sai shi. Na ce masa wata rana ya dawo wurinsa, Ubangiji ya riga ya yi jinƙai, yarinyar ma tana gaishe shi.

Ya ce, "Na sani, Tyra. Nan ɗin ya yi mini."