Hoton Yaya a Tsaye

Ni na yi kuskure, kuma ba cikin rashin sani na yi shi ba.

Yayana ya faɗo daga saman tirela muna sauke siminti a wani sito a Idu. Ƙeyarsa ce ta fara isa ƙasa. Ya daɗe a ɗakin kulawa ta musamman kafin ya buɗe ido, da ya buɗe kuma idon kaɗai ya dawo mana. Ba magana, hannun dama kamar ba nasa ba.

Daga baya wata likitar gashin ƙashi ta fara zuwa da wani gado mai miƙewa. Sai a ɗaure Yaya da bel uku, a gwiwa da ƙugu da ƙirji, a riƙa ɗaga gadon kaɗan-kaɗan. Ta ce mini jikin da ya daɗe a kwance sai an sake koya masa tsayuwa, in aka yi gaggawa jini zai sauka daga kai ya sume. Na ji da kunnena.

Inna tana ƙauye. Kullum ta kira da wayar maƙwabcinmu, tambayarta ɗaya ce, ya tashi? Na gaji da ce mata da sauƙi.

Ranar da gadon ya kusa miƙewa sosai, na ɓoyo babbar rigarsa ta Juma'a da hula na shiga da su. Likitar ta ce ya isa haka, a kwantar da shi. Na roƙe ta, na ce zai ji daɗi ya ga kansa cikin sutura irin ta mutane. Ta duba na'urar awon jini ta ce, "Oga, minti ɗaya fa."

Na lulluɓa masa rigar ta rufe bel ɗin, na ɗauki hoto daga gwiwa zuwa sama. Bai yi kyau ba, na sake. Ina gyara hular a karo na uku kansa ya langaɓe, na'urar ta hau kuka. Aka fitar da ni. Sai da aka kwana takwas ba a sake ɗaga shi ba, da aka koma kuma daga ƙasa aka faro.

Duk da haka na tura wa Inna hoton.

Ran Alhamis Inna ta sauka a tashar Zuba, ita da ba ta taɓa wuce garinmu ba. A leda ta riƙo takalmansa na fata, ta shafe su da mai. Ta ce, "Na ga ba ka ɗauko ƙafafun a hoton ba, na ce ko ba shi da takalmi ne."

A asibiti aka ba ta minti biyar a ɗakin da yake. Ta same shi a kwance, tiyo a hanci. Ba a shiga da kaya, don haka ni na riƙe ledar a baranda. A makon ne babban likita ya gaya mini da wuya Yaya ya ƙara tsayuwa ba bel.

Ta fito ta zauna a benci, ta karɓi ledar ta ɗora a cinya. Na so ta yi faɗa, ba ta yi ba. Muka zauna har aka kira la'asar, sannan na sauka na durƙusa a gabanta.

"Inna, a ɗaure yake a hoton nan. Ni na rufe da riga, ni na ja ya sume. Ki yafe mini."