Gayyar da Ta Jira Bakin Kaltume

Ku gyara zama ku ji labarin Kaltume mai kopto, wato kwaɗon zogale, ta bakin tashar Dogon Dutsi. Ubanta mai shela ne a Kore Mairuwa, ita ce kuwa ta gaji maƙogwaron. Da aka sa ta a gurup ɗin WhatsApp na unguwarsu, sai abin nema ya samu. Ba ta rubutu, muryarta take aikawa, tana yanka albasa tana zuba. Haihuwa, rasuwa, akuyar da ta ɓata, duk daga bakinta ake fara ji. Gurup cike yake da mutane, amma masu magana ba su cika hannu ba. In Kaltume ta ce madalla, kowa madalla. In ta ce a'a, sai kowa ya ce dama shi ma bai yarda ba.

Wata damina Prosper, mijin maƙwabciyarta Lydie, ya faɗi da babur ya karye, ga ciyawa na neman shaƙe musu hatsi. Lydie ta cije ta roƙi gayya a gurup, a taya su noma ranar Asabar. Ashe a ranar salular Kaltume, wato wayarta, ta faɗa randa, tana wajen mai gyara. Kowa ya ji roƙon, kowa ya yi gum, ana jiran ta bakin Kaltume. Har aka fara raɗa cewa maƙwabtan sun ɓata.

Ran Juma'a Lydie ta leƙo ta katanga, ido ya yi ja.

"Yaya, ko na yi miki laifi ne?"

"Laihin mi, ƙanwata?"

Da ta ji zancen, Kaltume ta tafa hannu. "Ashe ran da na mutu ba mai bizne ni sai na aiko musu da murya!"

Asabar da sassafe ta saɓi hauya ta nufi gonar, ta karɓi salular Lydie ta aika wa gurup murya.

"Ni ce Kaltume, ba aljana doguwa ba. Ku saurara." Ta karta hauya a ƙasa yadda za su ji. "Tsohuwa ta hwara. Ɗan'azumi mai kabu-kabu, ƙarhinka na cin kopto ne kaɗai? Wanda duk ya makara, hurar Lydie ta wuce shi."

"Haba Inna, ai ina bisa hanya tun ɗazu!" in ji Ɗan'azumi, ana jin ƙarar cokali a kofin shayinsa.

Shi ke nan, kowa ya zama yana bisa hanya tun ɗazu. Kafin azahar gona ta yi fes, Prosper na gindin gawo yana dariya har sandarsa na faɗuwa, Lydie na ta dama fura.

Salula ta dawo daga gyara. Yanzu in wani ya kawo roƙo, Kaltume takan danne bakinta sai wasu sun fara amsawa. Ta ce azumin bazara ma bai kai wannan wuya ba.