Yadda Inna Ta Tafasa Mini Bincike

Shekara uku na yi a makarantar koyon aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwajen asibiti, a Zinder, kuma abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne gugar farar riga. Mikroskop ɗaya muke da shi mai aiki, yana kulle a kabad, makullin yana aljihun Mushe, malamin da ke koya mana ilimin ƙwayoyin cuta. Yakan zana mana ƙwaya a allo da alli, ya ce mu kalle ta da kyau don mu gane ta ranar da muka haɗu. Mu kwafa, mu fito bakin titi da farar rigarmu, masu shayi na ce mana lokotoro, wato likita, muna amsawa ba kunya.

A shekarar ƙarshe kowa zai yi bincike, ya kare shi gaban malamai kafin a ba shi takarda. Na zaɓi rijiyar ƙauyenmu, can wajen Zermu. Bakinta daidai yake da ƙasa, dabbobi na sha a gefe, ruwan da ya wanke gari cikinta yake komawa, kuma duk damina yaranmu na fama da zawo. An ce wata ƙungiya za ta duba binciken ɗalibai, ta zaɓi rijiyoyin da za a ɗaure wa baki da siminti a sa murfi. Shaida ɗaya daga labo ta ishi rijiyarmu shiga cikinsu.

Ƙa'ida ita ce mai bincike ya je da kansa ya ɗebo ruwan. Mun haddace ta, har na rubuta ta a jarrabawa na ci. Amma sai na ga bai dace lokotoro guda ya matsu tsakanin buhuna da awaki a motar ƙauye ba. Na ba wani direban Mirriya kwalabe uku da muka kashe wa ƙwayoyi, na ce ya sa a kai wa mahaifiyata ta ciko su da ruwan rijiya, malamai ne za su duba.

Kwalaben suka dawo naɗe cikin sabon zane, ruwan garai-garai. Na shafa shi a 'yan farantan da muke renon ƙwayoyi, na jira kwanakin da littafi ya ce. Farantan abokaina sun yi ɗige-ɗige, wasu har wari suke. Nawa fes. Wata 'yar ajinmu ta leƙa ta ce ko ruwan leda bai kai namu tsabta ba, mu fara sayarwa. Mushe ya juya faranti ɗaya, ya ce madalla, don sakamako mai tsabta ba ya bukatar a buɗe kabad.

Raina dai bai kwanta ba, sai ga ni a motar da na raina. Na tarar da Inna tana surfe. Bayan gaisuwa na tambaye ta ko da gaske daga rijiya ta ɗebo.

"Daga ina kuwa?" in ji ta. "Sai dai na tace shi da mayafi, na sa alif ya kwanta, na tafasa. Kwalaben ma sai da na dafa su."

"Inna, ai dattin ake so a gani."

Ta ajiye taɓarya ta dube ni. "A gani? Malamanka su ce daga gidan ƙazamai ka fito? Baƙo ma ba a ba shi ruwan nan haka, balle manyan mutane."

Haushi ya cika ni, amma na rasa wanda zan ji wa. Ita mutuncina ta kare. Ni ne na yi shekara uku ina karatu na kasa ɗebo ruwa a kwalba.

Saura mako biyu a kare bincike, kuma abincin da ake renon ƙwayoyin da shi ya ƙare, sai wata shekara. In na faɗi gaskiya, maimaita aji zan yi. Sai na ɓoye ta. Na tsaya gaban malamai uku cikin rigar da ta sha guga, na yi bayani da Faransanci mai kyau cewa ruwan ƙauyenmu lafiyayye ne. Ɗaya ya yaba da tsabtar mutanen karkara. Aka tafa mini, aka ba ni takarda. Ƙungiyar ta karanta aikina, ta wuce wasu ƙauyuka da simintinta.

Damina ta same ni ina sanin makamar aiki a wani ƙaramin labo. Wata safiya yayata ta shigo goye da 'yarta mai shekara biyu, idanun yarinyar sun faɗa, wuya ba ya tsayuwa, Inna na biye da su. Ni aka miƙa wa kashin yarinyar in duba. Na sa ido a mikroskop, na ga abubuwan da ya kamata a ce suna cikin bincikena suna ta yawo. Na rubuta sunansu, aka ba ta magani, aka sa mata ruwa, Allah ya sa da sauran kwana.

Da za su koma, Inna ta kama hannuna gaban mutane. "Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Da ba ka yi karatun nan ba, wa zai gano mana abin da ke damunta?"

Na ce amin. Na raka su tasha, suka hau mota, suka koma gida su ci gaba da shan ruwan da na sa wa hannu.