Keken Ɗinkin da Aka Naɗe a Zane

Ni dillaliya ce, uwata ma sana'arta ke nan. Tun Rigasa tana gida nan gida can nake ɗora ƙullin kaya a ka ina shiga gidajen mutane. Atamfa, kwanuka, 'yan kunne, duk abin da mace take son rabuwa da shi ba tare da maƙwabta sun ji ba. Ba a taɓa tsayar da ni a zaure ba. Har matan manyan ma'aikata na Unguwar Dosa, masu labule har ƙasa, idan wata ya yi nisa albashi bai shigo ba, ni suke aika wa.

Ba ma tambayar mace inda ta samo kaya. Wadda ta ciro zanen aurenta daga ƙasan akwati ta miƙo miki, kunyar da take ji ta ishe ta. Sai ta ja ki ƙurya, a saki labule, a yi magana ƙasa-ƙasa, daga ke sai ita sai Allah. Mai saye kuma ba zai taɓa jin daga ɗakin wa kayan suka fito ba. Da gwiwoyina suka ƙi, 'yata ta fari ta karɓi ƙullin, mijinta ya rasu ya bar mata yara. Yadda aka koya mini haka na koya mata, kuma ta iya.

Lokacin da aka fara cewa a rediyo za a tsananta wa masu sayen kayan sata, har Allah Ya ƙara na ce. Sata ta ishe mu a layin nan. Waya, injin ruwa, har ƙofar masallaci an taɓa cirewa. Ni dai a raina masu shagon bayan kasuwa ake nufi.

Wata rana matar da ke bayan layinmu ta kira 'yata ta nuna mata kan keken ɗinki naɗe a zane. Ta ce, "Yaya, ki rufa mini asiri." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma a wurinmu ya isa. 'Yata ta kai shi Katabu ta sayar wa wata mai koyon ɗinki. Keke ya yi gardama, aka kai wa mai gyara. Ashe shi ya taɓa yi masa walda da hannunsa, ya kuma san na wani tela ne da aka fasa wa shago. Da hantsi 'yan sanda suka yi sallama, 'yata tana tsakiyar wanki, da kumfa a hannu suka tafi da ita.

A ofishinsu suka yi ta tambaya, "Wa ya ba ki?" Ta ƙi faɗa. Su a ganinsu ɓarayi take karewa. Da na isa, babbansu ya ce, "Mama, ki yi wa 'yarki magana, abin nan ba irin na da ba ne."

Na dube ta, ta dube ni. Na ce, "Faɗa musu." Ban taɓa zaton wannan kalma za ta fito daga bakina ba.

Ta faɗa, amma an makara. Ƙanen mijin matar, wanda aka ce shi ya shigo da keken, ya bar gari. Ita kuwa ta dafa ƙirji. "Ni? Iya, ko zare ban iya sa wa allura ba. Me zai haɗa ni da keke?" Wa ya gani? Labule ne kawai.

Lauyan da mijin ƙaramar 'yata ya samo ya ce in nemo matan da suka san 'yata a sana'a, su zo su shaida halinta. Na ce wannan mai sauƙi ne, ai rabin garin nan mun yi musu rana. Na hau a-daidaita har Unguwar Dosa, gidan wata Hajiya da na yi wa hidima tun tana amarya. Ta kawo mini lemo, ta yi kuka tare da ni. Sannan ta riƙe hannuna.

"Iya, in na tsaya gaban alƙali na ce na san ta, ai na gaya wa duniya na sayar da gwal ɗina. Alhaji har yau yana zaton yana cikin akwati."

Gida-gida na bi. Kowacce ta yi kuka, kowacce ta rako ni bakin ƙofa. Ko ɗaya ba ta zo ba. Kuma ban iya jin haushinsu ba, don abin da suka saya a wurinmu ke nan tun farko.

A kotu mai gabatar da ƙara ya tambayi 'yata, "Kin taɓa ganin matar nan tana ɗinki?"

"A'a."

"To kin tambaye ta inda ta samo keke?"

'Yata ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a tambaya."

Aka yi dariya. Na miƙe zan yi musu bayani, ni da in na buɗe baki a gidan biki har masu kiɗa sukan saurara. Wani mai kaki ya dafa kafaɗata. "Mama, zauna, nan ba a haka." Na zauna. Alƙali ya karanto shekaru, tafinta ya maimaita da Hausa. Lauya ya raɗa mini cewa da a da ne, da abin bai kai haka ba. Ban san amfanin gaya mini ba.

Yanzu ranar ziyara nakan dama fura in kai mata gidan yari. A bakin ƙofa sai an sa cokali an juya, an sa ni na kurɓa. Ta rame, amma bakinta yana nan. Zuwan da na yi na ƙarshe ta kalli yadda nake jan ƙafa, ta ce, "Inna, ki riƙa tsallake wasu makonnin. Ki adana ƙafar nan, ke za ki zo tarbata ranar fita."

Na ce mata to. A hanyar dawowa na yi ta auna shekarun nan da nawa, ta kowace fuska na juya su ba su zo daidai ba. Yaran suna bakin ƙofa suna jirana, suka ce me Umma ta ce. Na ce tana gaishe su, su ɗebo mini ruwan alwala.